Hajiya ta gaji da shan ƙwayoyi, in tilasta mata?

Tambaya: Likita, mahaifiyata tana Daura, shekarunta 74. Tana da hawan jini da ciwon suga, ga ciwon gwiwa. Magani kala takwas take sha kullum. Kwanan nan na tarar da wasu ƙwayoyin a ƙarƙashin katifarta. Da na yi mata magana sai ta ce ta gaji, magani ya fi abincinta yawa. In tilasta mata ne?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya, ke kuma ya saka miki. Kada ki tilasta mata, kada kuma ki ɗauka taurin kai ne. Tsofaffi da yawa haka suke ji, sai dai kunyar likita da ta 'ya'ya ke sa su yi shiru su ɓoye ƙwayar. Wani ma yana ganin yawan maganin alama ce ta cewa tafiya ta zo.

A likitance, da zarar mutum ya kai kala biyar kullum, muna sa masa ido. Ƙoda da hanta suna rage ƙarfi da tsufa, don haka magani yakan daɗe a jiki. Shi ya sa a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa yawan shan magunguna cikin manyan abubuwan da take son a gyara.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ƙwaya ke haifar ƙwaya. Amlodipine na hawan jini yakan kumbura ƙafa. Wani likitan, da bai ga katin farko ba, sai ya ƙara furosemide don cire ruwa. Fitsari ya yawaita, tsohuwa ta riƙa tashi cikin dare, ga jiri, wata rana ta faɗi a hanyar banɗaki. Lisinopril kuma, shi ma na hawan jini, yakan sa busasshen tari, sai a ruga kemis a sayo maganin tari. Diclofenac da ibuprofen da ake sha don gwiwa suna ɗaga jinin da ake fama a sauke, suna taɓa ƙoda, suna iya jawo gyambon ciki.

Ki zauna da ita cikin raha ki tambaye ta wanne ne ba ta so. Sau da yawa ɗaya ne ko biyu: mai girman da ke maƙale mata, ko mai sa ta fitsari tana son ta riƙe alwala. Sannan ki tattara komai a leda ɗaya, har da na kemis, da jiƙo da sassaƙe, da wanda 'yan'uwa suka kawo daga Saudiyya, ku kai wa likita guda ɗaya, ko a Babban Asibitin Daura ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Ki nemi a duba kowanne, a kuma gwada ƙoda. Akwai masu haɗe biyu a ƙwaya ɗaya, akwai waɗanda aikinsu ya ƙare tuni.

Amma kada ku rage da kanku. Atenolol na hawan jini da prednisolone na rage kumburi, in an daɗe a kansu, yanke su lokaci guda haɗari ne. Ki faɗa wa likita gaskiyar waɗanda ta daina sha, don kar ya ga jini bai sauka ba ya ƙara mata wani. Idan tana azumin Litinin da Alhamis ma ki faɗa, musamman in maganin suga glibenclamide na cikin ledar, domin yana iya zubar da suga ƙasa sosai har mutum ya suma.