Amurka ba ta biya wa Puerto Rico bashinta ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gwamnatin tarayyar Amurka ce ta biya wa tsibirin Puerto Rico, wanda ke ƙarƙashin ikon Amurka, bashinsa. A'a, ba ta biya ba. Doka ce kawai ta kafa kan bashin.

Bashin ya haura dala biliyan 70, ban da na fansho, kuma tun 1984 aka cire tsibirin daga dokar fatara da ke kare ƙananan hukumomin Amurka. A watan Yunin 2016 Obama ya sa hannu a dokar PROMESA. Ta dakatar da ƙararrakin masu bin bashi, ta kafa kwamitin mutum bakwai mai iko da kasafin tsibirin. A 2017 aka shiga kotu don neman rage bashin, sai ga guguwar Maria ta ƙara dagula komai. Sai a Janairun 2022 mai shari'a Laura Taylor Swain ta amince a rage wani kaso na bashin, kusan dala biliyan 33, zuwa wajen biliyan 7.

Abin da ke damuna shi ne shugaban Amurka ke naɗa kwamitin, alhali mazauna tsibirin ba sa zaɓen shugaban, wakilinsu a majalisar dokokin Amurka ma ba ya kaɗa ƙuri'a kan dokoki. An rufe ɗaruruwan makarantu, talaka ne ya ji a jikinsa.