Ku Tambaya Mu Amsa: Mai saye ya ce in latsa in karɓi kuɗina

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sa hoton injin ban-ruwa a Facebook ina neman mai saye. Wani ya kira, ko tayi bai yi ba ya ce ya saya, zai turo direba daga Kano. Sai ya turo min wani adireshi ta WhatsApp, wai kamfanin jigila ne ke riƙe da kuɗin, in latsa in sa lambar katina na ATM su shigo. Ban latsa ba tukuna. Gaskiya ne?
Wani manomi, Kafin Hausa

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya tsare ka, kada ka latsa. Wanda zai biya ka abu uku kawai yake buƙata: lambar asusunka mai lamba 10, sunan banki, da sunanka. Kati na fitar da kuɗi ne, ba ruwansa da shigowarsu.

Ga yadda tarkon yake. Shafin zai buɗe da tambari da launi irin na banki, ya nemi dogayen lambobin gaban kati, da wata da shekarar ƙarewarsa, da lambobi 3 na baya. Kana rubutawa ɗan damfara na gani. Nan take zai fara sayayya da katinka, bankinka kuma ya aiko maka lambar OTP, wato lambar sirri ta amfani sau ɗaya, don ya tabbatar kai ne. Daidai lokacin waya za ta yi ƙara: "Alhaji, karanto min lambar da ta shigo, ita ce za ta saki kuɗinka." Wannan lamba ita ce ƙofa ta ƙarshe, in ka faɗa an kwashe. Haka lambar sirrin kati da BVN mai lamba 11, ba mai sayen kaya da ke da hurumin tambayarsu.

Rashin tayin ma abin lura ne. Duk wanda ya saba cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san ba a sayen abu mai tsada ba a gani ba, ba a taya ba, ba a ce albarka ba. Ka ce ya zo ya ga injin da rana, a gaban mutane.

Tambaya: Ina sayar da turaren wuta daga gida. Alat ya shigo na naira 45,000, na ba yaron da aka aiko kaya, daga baya na ga babu komai a asusun.
Wata uwargida, Garko

Amsa: Sannu Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Saƙon tes ana iya ƙirƙirarsa da sunan banki, hoton rasit kuma gyara shi ba wuya. Shaida ɗaya ce: ki duba ragowar kuɗinki da kanki, ta manhajar banki ko ta lambar USSD, wadda ko ƙaramar waya na yi. In an ce "matsalar sabis ce, zai shigo", to kaya ma su jira. Akwai kuma masu turo alat ɗin bogi da ya haura farashi, su roƙi a mayar musu da rara. Kada ki mayar da ko sisi sai kin ga kuɗin a zaune.

Tambaya: Na riga na karanta wa 'yan damfara lambar OTP. Yaya zan yi?
Wani matashi, Bichi

Amsa: Ɗan'uwa, yanzu-yanzu ka toshe katin ta manhaja, ko ka kira lambar wayar banki da ke bayansa. Bankuna da yawa na da lambar USSD ta rufe asusu ko daga wayar wani. Ka je reshen bankinka ka shigar da ƙorafi a rubuce, a ba ka lambar shaida, domin in an yi sauri ana iya riƙe asusun da kuɗin suka faɗa. Kada ka goge hirarku da lambar wayarsu; da su za ka je wurin 'yan sanda ko EFCC. In mako 2 suka wuce banki bai warware ba, ka kai kuka sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya. Wasu za su kira su ce za su dawo maka da kuɗin in ka biya wani abu. Su ne dai suka sake dawowa.