Ku Tambaya Mu Amsa: Waƙata na cikin kowace waya, ni ko kwabo

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matashin mawaƙi ne a Tudun Wada, Gusau. Tumaki biyu na sayar na biya kuɗin sitidiyo a Kano na buga waƙar biki. Ban yi mako guda da dawowa ba na ji ta tana tashi cikin Keke Napep. Da na bi diddigi sai na iske masu turi ke zuba wa mutane ita a mimori kan naira hamsin, ni ko kwabo ban gani ba. Wani abokina ya ce in maka su kotu kamar yadda Turawa suka yi. Mece ce shawararka?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Wasiƙarka ta sosa mini rai. Haƙƙinka ne aka ci, ko naira hamsin ce ko biyar. Doka ma tana bayanka, don akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, akwai kuma hukumar da ke kula da ita. Sai dai abokinka rabin labarin Turawan ya ba ka.

A 1999 wani ɗalibi a Amurka, Shawn Fanning, ya fito da manhajar Napster, wadda ta ba mutum damar ɗauko waƙa kyauta daga kwamfutar wani. Ƙungiyar kamfanonin waƙa ta ƙasar, RIAA, ta shigar da ƙara a Disambar shekarar, kuma zuwa Yulin 2001 an rufe Napster. An kashe maciji ba a sare kansa ba: jama'a suka koma wasu manhajoji irinta, Kazaa da LimeWire. Sai kamfanonin suka juya kan masu saurare. A Satumbar 2003 suka kai mutum 261 ƙara a tashi ɗaya. Wata mata a jihar Minnesota, kan waƙoƙi 24 kacal, aka yanke mata tarar dala 222,000 a 2007. Ƙarshen 2008 su da kansu suka daina wannan farautar, bayan sun ja wa kansu baƙin jini wurin mutanen da ya kamata su zama masu sayen hajarsu.

Abin da ya fara dawo musu da kuɗi shago ne. A Afrilun 2003 kamfanin Apple ya buɗe shagon sayar da waƙa a intanet na iTunes, kowace waƙa santi 99, wato ƙasa kaɗan da dala ɗaya. Cikin mako guda aka sayi miliyan ɗaya. Dalili a fili yake: ba sai ka sayi faifai sukutum don waƙa ɗaya ba, sautin garau, sunan daidai, ba fargabar kwaso wa kwamfutarka cuta. Daga baya Spotify, dandalin sauraren waƙa a intanet, ya taso daga Suwidin a 2008, ya iso Najeriya a 2021, ga kuma Boomplay da ke zuwa cikin wayoyin Tecno.

To dubi namu. Ranar wata kasuwar Talata Mafara na tsaya cajin waya wurin wani yaro da ya kafa lema, ga tsohuwar kwamfuta bisa tebur, ƙaramin janareta na kuka a bayansa. Wani dattijo ya zare mimori daga rediyonsa, ya kwance bakin aljihu ya ƙirga kuɗi, ya ce, "Sa mini ta bikin nan da ake yayi." Bai nemi ragi ba. Wannan dattijo ba ɓarawo ba ne, ƙanena, biya ya yi. Abin da Turawa suka sha wuya kafin su samu, wato mai saurare ya sa hannu a aljihu, mu muna da shi tuntuni. Matsalar ita ce kuɗin a teburin yaron suke tsayawa.

Don haka ni ban ba ka shawarar kotu ba. Kuɗin lauya kaɗai sai ya cinye wasu tumakin, kuma ba alƙalin da zai hana waya tura wa waya ta Xender. Waƙa ta gaba, kafin ta fita daga hannunka, ka nemi shugabannin masu turi na kasuwar Gusau ku zauna. Su biya ka dunƙule su zama na farko da za su same ta, a rubuta, a sa shaidu. Kada ka tura wa kowa "don ya ji" kafin nan, ko da amininka ne, domin galibi ta nan take zurarewa. A ranar kuma ka ɗora ta a YouTube da Boomplay da sunanka, ko da yake abin da ke shigowa daga can kaɗan ne sai masu saurare sun yi yawa ƙwarai.

Wannan da ta riga ta fita kuwa, koma sitidiyo a ƙara sunanka da lambar wayarka a farkonta, ka kai wa masu turin da hannunka su maye gurbin tsohuwar. Mai shirin aurar da 'ya a Ƙaura Namoda ko Gummi, in ya ji ta a Keke Napep, ya san wanda zai kira.