Tambaya da Amsa: Daga Ringim Zuwa Abuja da Motar Lantarki

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwar hatsi ne, ina zaune a wani ƙauye kusa da Ringim a Jihar Jigawa. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mai ya dame ni, shi ya sa na sayi motar lantarki ƙirar Sin, mai batir da aka ce yana ɗaukar yunit 60, kuma idan ta cika tana nuna kilomita 400. Ina so in je Abuja ɗaurin auren ɗan ƙanena da ita. Yaya zan tsara tafiyar don kada ta tsaya mini a daji?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya sanya alheri a motar, ya kuma sanya albarka a auren. Abu na farko da nake so ka cire daga ranka shi ne kilomita 400 ɗin nan, domin kiyasi ne da ya fi dacewa da tuƙi a hankali cikin yanayi mai sauƙi, alhali kai za ka hau babban titi ne da mutane da kaya, da na'urar sanyaya mota a kunne. Motar lantarki ta fi shan wuta a kan buɗaɗɗen titi fiye da cikin gari, saboda iskar da take ratsawa tana ƙara yi mata nauyi sosai gwargwadon ƙaruwar gudu, yayin da a cikin gari duk birkin da aka taka yana mayar da ɗan caji cikin batir.

Lissafin da ya fi aminci shi ne ka ɗauka motar za ta sha kimanin yunit 18 a kowace kilomita 100, kuma yunit ɗin nan shi ne dai wanda kake saye a mitar gidanka. Da wannan, cikakken batir zai kai ka kusan kilomita 330. Sai ka ware kashi 20 cikin 100 da ba za ka taɓa ba sai da larura, kamar kauce hanya saboda aikin titi, ko ka isa wurin caji ka tarar babu wuta. Abin da ya rage maka na tafiya tsakanin caji da caji kimanin kilomita 260 ne kawai, alhali daga Ringim zuwa Abuja ya kai kusan 500.

Saboda haka hanyar ta rabu uku. Daga gida ta Gezawa zuwa Kano tafiya ce gajeriya, amma ka cika batir a Kano kafin ka kama hanyar Zariya, domin idan ka zarce kai tsaye daga Ringim zuwa Kaduna, kimanin kilomita 300 ke nan, za ka fara cin ajiyar da muka ware tun ba ka shiga gari ba. Daga Kano ta Kura da Kwanar Ɗangora da Zariya zuwa Kaduna kusan kilomita 230 ne, daga Kaduna zuwa Abuja kuma kusan 190. Kowanne daga cikinsu yana cikin ikon motarka, muddin ka tashi da cikakken caji.

Kaduna ita ce zangon da tafiyar ta rataya a kansa, don haka bari in tsaya a nan. Za ka isa da saura yunit 18 ko kusa da haka, kana kuma buƙatar kimanin 34 kafin Abuja, ban da ajiya. Idan ka samu caja mai sauri ta kilowat 50 (kilowat shi ne ma'aunin ƙarfin caja), cikin kamar sa'a guda ka kai kashi 80, wato lokacin da za ka yi sallar Azahar ka ci abinci. Daga kashi 80 zuwa sama saurin cajin yana raguwa ƙwarai domin kare batir, kamar yadda bakin buhun gero ya fi cikinsa wuyar cikawa, sai ana girgizawa ana dannawa. Saboda haka kada ka ɓata sa'a guda kana jiran kashi 100 idan 80 ya ishe ka isa zango na gaba da ajiyarka. Idan cajar bango ce ta kilowat 7, kana buƙatar sa'o'i 6 zuwa 7, wato kwana ya kama ka. Idan kuwa soket ɗin gida ne, wanda ba ya ba da fiye da kilowat 2 da ɗoriya, sa'o'i 10 na dare za su ƙara maka yunit 20 da kaɗan ne kawai, sai ka shiga Abuja batir na gab da mutuwa, kuma wannan ma idan ba a ɗauke wuta ba ko sau ɗaya. Ban yarda ka ɗora iyali a kan irin wannan lissafi ba, musamman a hanyar da ba a son dare ya riski mutum a kanta.

Wuraren caji na jama'a har yanzu kaɗan ne a ƙasar nan, kuma sun fi yawa a Legas da Abuja. Hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, wato NADDC, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato a 2021, amma Sakkwato ba ta kan hanyarka. Don haka kada ka dogara da taswirar waya kaɗai. Kwana ɗaya kafin tafiya ka kira duk inda kake niyyar tsayawa, ka tambayi ƙarfin cajarsu, da ko tana aiki a ranar, da ko suna da janareta ko sola idan wuta ta tafi, sannan ka tanadi wuri na biyu a kowane zango, ko otal ne ko gidan ɗan'uwa mai wayoyin wuta masu kauri. Ka kuma tambayi irin bakin cajar, domin motocin da aka ƙera don kasuwar Sin suna amfani da GB/T, na Turai CCS2, tsofaffin Nissan Leaf kuma CHAdeMO, kuma ɗaya ba ya shiga ɗaya sai da mahaɗi na musamman. Ka buɗe murfin cajin motarka ka ɗauki hotonsa ka aika musu, ya fi dogon bayani.

A hanya ka riƙe gudun kilomita 90 zuwa 100 a sa'a, ka duba iskar tayoyi kafin tashi, ka kuma fita da sassafe idan lokacin bazara ne, domin batir mai zafi yana karɓar caji a hankali. Idan wuta ta ƙare maka babu ɗan bumburutun da zai kawo maka wuta a jarka, kuma kada ka bari a ja motar da igiya tayoyinta na juyawa a ƙasa, domin hakan na iya lalata injinta. Sai dai a ɗora ta bisa babbar mota.

TAMBAYA: Ni malamar asibiti ce a karkarar Ɗambatta. Muna da fanel ɗin sola 10 masu wat 500 a gida. Za su iya cika mota kafin doguwar tafiya?

AMSA: Za su iya, Malama, amma ba a yini ɗaya ba. A ranar da gari ya yi wasai, fanel 10 irin naku suna ba da kimanin yunit 20 zuwa 25, kuma firji da fanka da famfon ruwa za su ci rabonsu daga ciki, saboda haka batir mai yunit 60 da ya yi ƙasa zai ɗauki kwana 3 ko fiye. Ki riƙa saka cajin daga hantsi zuwa La'asar, lokacin da rana ke ba da wuta kai tsaye, domin idan kika saka da dare motar za ta zuƙe baturan gidan cikin 'yan sa'o'i. A lokacin hunturu a riƙa goge ƙurar da ke kwanciya a kan fanel, sannan ki sa ƙwararren mai aikin wuta ya tabbatar inbatarku tana ɗaukar nauyin, kuma akwai wayar kariya da aka binne a ƙasa, domin cajoji da yawa ba sa fara aiki idan babu ita.