Amsa ga ɗan'uwan da Turnitin ta ba shi kashi 48 a babi na biyu

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce malamin da ke duba kundinka ya dawo maka da babi na biyu saboda Turnitin, manhajar gano kamannin rubutu, ta nuna kashi 48 cikin ɗari, alhali sashenku ba ya karɓar sama da 20, kuma wani ya ba ka shawarar ka zuba babin a manhajar sauya kalmomi irin su QuillBot. Don Allah kada ka yi. Lambar za ta iya sauka, amma laifin satar rubutu yana nan daram, ga shi Turancin zai koma wani iri, kowane malami ya karanta ya san ba mutum ne ya rubuta ba.

Ka fara fahimtar mene ne wannan lamba. Turnitin ba ta yanke hukuncin sata. Aikinta ta gwada rubutunka da shafukan intanet, da mujallu, da ayyukan ɗaliban da aka taɓa saka mata, ta haska duk inda jimloli suka yi kama. Saboda haka ka roƙi cikakken rahoton, kada ka tsaya a lambar sama. A ciki akwai wurin da ake cire jerin manazarta da zantukan da ka sa cikin alamar zance, kuma sau da yawa wannan kaɗai kan rage adadi mai yawa. Sai ka duba jerin wuraren da aka samu kamanni. Idan kashi ɗaya-ɗaya ne warwatse, galibi sunayen hukumomi ne da jimlolin da kowa ke faɗa, ba abin damuwa ba ne. Idan kuwa ka ga wuri guda ya ɗauki kashi 10 ko 15, to nan matsalar take. Ka kuma tambaya ko an taɓa saka babin a baya aka bar shi a ma'ajiyar manhajar, domin idan haka ne, da kansa yake karo.

Yanzu gyaran gaske. Babi na biyu ya fi kowane babi faɗawa wannan rami, tunda shi ne bitar ayyukan da suka gabata, kuma ɓarnar tana farawa tun ranar tattara bayanai. Ɗalibi ya kwafo sakin layi daga nan, ya kwafo daga can, ya jibge a fayil ɗaya babu suna babu shafi. Bayan wata biyu ya kasa rarrabe nasa da na mutane. Maganinsa, duk abin da ka kwafo kalma da kalma ka sa masa alamar zance nan take, ka canza masa launi, ka rubuta sunan marubuci da shekara da shafi a gefensa kafin ka matsa. Idan za ka juya maganar zuwa harshenka, karanta wurin sau biyu ko uku, rufe takardar, ka rubuta abin da ka fahimta kamar kana yi wa abokin karatunka bayani, sannan ka buɗe ka gwada. In ka tarar tsarin jimlar na marubucin ne, kalmomi biyu-uku kawai ka musanya, sake rubutawa. Ko da ka juya maganar tsaf, sai ka ambaci mai ita, domin ra'ayin nasa ne.

Yawancin sassan ilimi da kimiyyar zamantakewa suna bin tsarin ambaton madogara na APA, bugu na 7 da ya fito a 2019, amma ka tabbatar da na sashenku. A cikin rubutu za ka sa sunan ƙarshe da shekara cikin baka, misali (Wane, 2015), in kuma zance ne kai tsaye ka ƙara shafi. Zancen da ya kai kalma 40 ana ware shi a sakin layi nasa, a tura shi ciki, babu alamar zance. Marubuta uku ko fiye, sunan na farko kawai sai "et al." Duk aikin da ka karanta ka ambata a ciki dole a same shi a manazarta, haka duk wanda ke manazarta a same shi a ciki. Masu jarrabawa na waje daga nan suke fara kama mutum.

Ga abin da ya fi kayar da mutane: ka ga wani ya kawo maganar wani littafi, kai ba ka taɓa ganin littafin ba, amma ka jera shi kamar ka karanta. Idan wanda ka kwafa ya yi kuskuren shekara ko shafi, ka gaji kuskurensa, kuma da shi za a gane ka. Ka nemi asalin. In bai samu ba, ka ce wane ya faɗa kamar yadda wane ya kawo, ka sa wanda ka karanta ɗin a manazarta. Mu da muka san darajar isnadi a ilimin hadisi bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba.

Shafin intanet kuwa, ka rubuta marubuci ko hukumar da ta wallafa, da kwanan wata, da take, da adireshinsa. Maƙalar mujalla ka sa lambarta ta shaida da ake kira DOI, domin adireshi kan mutu, ita ba ta canzawa. Wikipedia ka ɗauke ta matsayin mai nuna hanya, ka gangara ƙasa ka bi madogaranta. Google Scholar na ba da manazarta a shirye, amma sau da yawa da kurakurai, sai ka gwada da takardar kanta. Manhajar Zotero kyauta ce, tana ajiye maka manazartanka ta kuma jera su. ChatGPT da ire-irensa kan ƙirƙiro suna da take da shekara na takardar da babu ita a duniya, don haka duk abin da ba ka buɗe da idonka ba kada ya shiga kundinka.

Masu rubutu da Hausa, fassara aikin wani daga Turanci ko Larabci ba tare da ambatonsa ba ita ma sata ce, ko da manhaja ba ta gani ba. Hira da dattijo ko malami kuma ka rubuta sunansa da wuri da ranar da kuka yi ta, da izininsa.

Kada ka ɗauka in ka wuce ranar kare kundi shi ke nan. A Jamus, Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirin dakta na ministan tsaro Karl-Theodor zu Guttenberg a 2011, ya sauka daga kujerarsa. Ministar ilimi Annette Schavan ta rasa nata a 2013, kan kundin da ta rubuta tun 1980. Kundaye yanzu ana ɗora su a intanet, kowa na iya bincikawa.

Ka fara da wurare uku mafi girma a rahoton, ka sake rubuta su daga asalin takardun, ka kai wa malaminka kafin ka taɓa sauran. Allah Ya ba da sa'a.