Tambayoyin Masu Karatu: Kaset ɗin Pink Floyd na Bayan Fage

Tambaya: Assalamu alaikum. Yayana da ya yi karatu a Ingila ya bar mini kaset goma sha biyu na wasannin ƙungiyar makaɗan Ingila ta Pink Floyd, waɗanda 'yan kallo suka naɗa a ɓoye ba da izinin kamfani ba. Yanzu wani ya yi mini tallar irinsu a intanet da tsadar gaske, yana cewa samunsu sai an tona. Shin in saya? Kuma yaya zan adana na hannuna? Daga wani malamin makaranta, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce kada ka saya, domin yawancin abin da ake tallatawa haka kwafi ne na naɗin da masu tarawa suka daɗe suna musayarsa kyauta, kuma ko sisin kwabo ba ya isa hannun makaɗan.

Abin da ke ba irin wannan naɗi daraja shi ne salsalarsa, wato a san ranar wasan, da zauren da aka yi shi, da na'urar da ta ɗauka, da yawan hannuwan da ya bi kafin ya iso gare ka. Duk lokacin da aka kwafi kaset daga kaset, sauti yana dusashewa, huci kuma yana ƙaruwa, kamar yadda duk wanda ya taɓa neman tsoffin waƙoƙin Narambaɗa a kasuwa ya sani. Saboda haka masu tarawa suke fifita kaset na asali a kan jikansa, suke kuma bambanta abin da aka ɗauka daga cikin taro da wanda aka jawo daga teburin injiniyan sauti. Na biyun ya fi tsabta, amma ni na fi son na farkon, don a cikinsa ake jin zauren da mutanensa.

Ka duba ranakun da aka rubuta a jikin naka. Ƙungiyar ta fara kaɗa waƙoƙin faifanta The Dark Side of the Moon a gaban jama'a tun Janairun 1972, fiye da shekara guda kafin faifan ya fito a Maris na 1973, don haka naɗin zauren Rainbow na Landan, na Fabrairun 1972, yana ɗauke da kiɗan tun bai gama nuna ba. Akwai kuma wasan Los Angeles na Afrilun 1975, wanda wani ɗan kallo, Mike Millard, ya ɗauka da rikodar Nakamichi da yakan ɓoye a keken guragu, da na Montreal na 6 ga Yulin 1977, daren da Roger Waters, ɗaya daga cikin makaɗan ƙungiyar, ya tofa wa wani ɗan kallo yawu, lamarin da ya haifar da faifansu The Wall. Ƙungiyar da kanta ta saki wasanni 18 na 1972 a intanet a ƙarshen 2022, sai ka fara gwada naka da su.

Batun adanawa kuwa, zafin Sakkwato na watan Afrilu, wanda ke wuce digiri 40, da ƙurar hunturu su ne abokan gaba. Ka jera kaset ɗin a tsaye cikin akwatunansu, a ɗaki mai sanyi, nesa da lasifika saboda maganaɗisun da ke cikinta. Sannan ka nemi rediyo mai lafiyayyen kan karanta kaset ka juye su zuwa kwamfuta a tsarin FLAC, wanda ba ya rage sauti kamar MP3, ka kuma kwafe duk abin da yayanka ya rubuta a bangon kowane ɗaya.