Igiyar sauke reshe: wacce za a saya, kuma a ƙulla ko a kitsa?

Tambayoyin wannan makon kusan duk na masu saran icce ne, ba mamaki, iskar farkon damina ta kusa, kowa na son a rage mishi dogonyaron da ya leƙo bisa kwano kafin ta iso.

Ta farko daga wani mai saran icce a Mabera: "Salamu alaikum Malam. Mun samu aikin rage wani babban dogonyaro da rassanshi sunka hau kwanon gida, dole sai an sauke su da igiya. Na shiga Babbar Kasuwa na ga shuɗiyar igiyar nan ta roba mai arha, na ga fara ta nailan mai tsada. Wacce ta fi, kuma wane kauri? Mun sayi fuli na hannu, ƙarfen nan mai gare da igiya ke bi ta kanshi, amma ba mu san da mi za mu ɗaure shi ga icce ba."

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Launi ba ya gaya maka komai, abin da aka yi igiyar da shi za ka bi. Ka roƙi mai shago ya yanko maka guntu kamar tsawon yatsa ka jefa a ruwa. In ya taso sama to galibi folifirofilin ce, ita ce yawancin shuɗiyar nan da ake jan guga da ita. In ya nutse to nailan ce ko foliyesta, sai ka sa mishi laita, foliyesta baƙin hayaƙi take yi, na nailan fari-fari ne. 'Yan kasuwa duk igiyar roba nailan suke ce mata, ba don cuta ba, haka sunan ya bi baki.

Shuɗiyar tana da aibi biyu a aikinku. Rana na cinta, kuma ka san ranar Sakkwato a watan Afrilu da Mayu, zafi na wuce digiri 40, igiyar da ta daɗe a rataye bakin shago sai ka murza ta ka ga gari-gari na zuba a hannunka, wannan ta riga ta mutu tun kafin ka biya kuɗin. Na biyu tana narkewa a wajen digiri 165, to ku da kuke naɗa igiya a gindin icce kuna sassautawa reshe na sauka, gogar nan kaɗai ta isa ta ƙona ta, za ka ga wurin ya yi santsi yana ƙyalli. Nailan ta fi ta ƙarfi nesa amma tana miƙewa sosai, reshen da kuke zaton zai tsaya a sama sai ya yi ƙasa ya daki kwanon da aka kira ku don shi, kuma in ta tsinke cikin nauyi dawowa take da ƙarfi kan mai riƙo. In ta jiƙe ma ƙarfinta na raguwa. Ni foliyesta nike zaɓa ma mai wannan aiki, ba ta miƙewa da yawa, tana jure rana, ruwa bai dame ta ba, sai ta wuce digiri 250 take narkewa. In babu ita to nailan, ku bar tazara mai yawa tsakanin reshe da kwano. Shuɗiyar a bar ta wajen jan icce ya faɗi inda ake so.

Maganar kauri kuwa lissafi ne. Sabuwar igiya mai sili uku ta milimita 12, wato rabin inci, ta kamfanin kirki, tana tsinkewa ne a wajen tan 2 zuwa 3 gwargwadon irinta. Masu wannan sana'a raba wannan suke gida 10, kashi ɗaya suke ɗora mata, kilo 200 zuwa 300 ke nan. Ɗanyen icce kuma nauyi gare shi fiye da yadda ido ke gani, gungume mai faɗin santimita 40 da tsawon mita ɗaya da rabi zai kusa kilo 180, ya haura buhun siminti uku. Wannan fa in yana rataye shiru ne. In ya ɗan faɗo kafin igiya ta cafke shi, fizgar na iya ninka nauyin sau da yawa, shi ya sa ake barin waccan rata mai yawa. Don haka a yanka ƙanana, ko da aikin zai kai ku la'asar.

Sai maɗaurin fuli, nan ne mutane ke yin sakaci, a sayi doguwar igiya mai kyau sannan a ɗaure fuli da wani tsohon guntu da aka tsinto bayan mota. Alhali shi ne ya fi kowa shan wahala. Reshe na ja ta gefe ɗaya, mai riƙo na ja ta ɗaya gefen, duka biyun kan fuli suke haɗuwa, kilo 200 a igiya ya zama kusan 400 a maɗauri. To in doguwar ta milimita 12 ce, maɗauri ya zama 16 ko 18. Tsawonshi ya isa ya zagaya icce sau biyu har a samu rarar ɗauri, iccen da faɗinshi rabin mita ne zagayenshi ya ɗan wuce mita ɗaya da rabi, ka ga mita 5 ba ta yi yawa ba. Ka duba fulin kuma, garen ya kai aƙalla ninki huɗu na kaurin igiya, bakinshi ba kaifi, in an buga nauyin da yake ɗauka a jikinshi ya fi. In an rubuta kN a takardar igiya ko a ƙarfe, kowane ɗaya kamar kilo 100 ne.

Ta biyu daga wani matashi a Wamakko: "Malam na ga bidiyo a YouTube ana saƙa ido, wato zobe, a bakin igiya ba ƙulli. Ni ƙulli nika yi kullum bai taɓa kwancewa ba. Wahalar ta cancanta?"

Ta cancanta ƙanena. Matsalar ƙulli ai ba kwancewa kaɗai ba ce, lanƙwasar da yake yi ma igiya tana cinye kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta, wani ƙullin har rabi. Kitso mai kyau kuwa yana barin kusan kashi 90 cikin 100. Kuma a igiya mai sili uku abu ne da za ka koya da yamma ɗaya, masunta da masu jiragen ruwa sun daɗe suna yi, duk wanda ya taɓa tufka rama hannunshi zai gane da wuri.

Ka warware bakin igiyar kamar santimita 30 in ta milimita 16 ce, ka naɗe kan kowane sili da salatif, ka ɗaure inda warwarar ta tsaya don kar ta ci gaba. Ka lanƙwasa girman idon da kake so. Sai ka buɗa tufkar uwar igiyar da basilla ko ƙusa mai dakusasshen baki, silin tsakiya ya fara shiga ƙarƙashin sili ɗaya, yana saɓa ma hanyar murɗin. Na hagu ya shiga ƙarƙashin na gaba. Ka juya igiyar, na uku ya shiga ƙarƙashin wanda ya rage, shi ne ke rikita masu koyo, alamar ka yi daidai ita ce kowanne ya fito ta ƙofarshi, ba biyu a rami ɗaya. Daga nan sai tsallake ɗaya shiga ƙarƙashin ɗaya, kana jan kowanne daidai da ɗan'uwanshi. Igiyar rama zagaye 3 ya ishe ta, ta roba santsi gare ta, kar ka yi ƙasa da 5, ni da za ka ƙara biyu ma ban ce ka yi ɓarna ba. Ka murza kitson da ƙafa a ƙasa mai tsabta ya zauna, ka yanke rarar amma ka bar kamar santimita ɗaya ko biyu, don in nauyi ya hau za su ɗan shige ciki. Wajen ƙona bakunan a kula wuta kar ta lashi uwar igiyar.

Na farko da na biyu da za ka yi na koyo ne, ka gwada su da gungume a fili inda ba gida ba mutum.

Wadda ka gani a bidiyo mai yiwuwa ba irin wannan ba ce. Turawa sun fi yin maɗauri da saƙaƙƙiyar igiya mai sili 12 da rami a cikinta, irin Tenex ta kamfanin Samson na Amurka, ita tura bakin ake yi cikin cikinta, nauyi na ja tana ƙara matse shi, kuma tsawon da za a tura kamfani ne ke faɗa, ba a ƙiyasta shi da ido. Saƙaƙƙiyar da ke yawo kasuwanninmu mai arha, ka yanka ka duba cikinta, sau da yawa tarkacen zare ne aka cusa, wannan ba ta kitsuwa kuma ba ta aikin nauyi.

Abu ɗaya da ba zan sassauta ba, igiyar sauke reshe daban, wadda mutum ke rataya da ita daban. Ta hawa a nemi mai lambar EN 1891, shaidar ingancin igiyar hawa ta Turai, kuma kitson koyo bai hau kanta.

Ta ƙarshe daga wata Hajiya a Arkilla: "Masu sare min mangwaro sun ce in ba da kuɗin sabuwar igiya, tasu wai ta tsufa. Ba wayo ba ne?"

Hajiya ki sa su kawo tsohuwar ki gani. In ta yi gashi-gashi, ko ta ƙandare, ko wani wuri ya fi wani siranta, ko an buɗa tufkar an ga gari da yashi a ciki, gaskiyarsu ne, ƙurar hunturu da ke shiga tsakanin zare tana yanka shi a hankali, ruwan batir kuma in ya taɓa nailan shi ke nan. Sai dai igiya kayan aikinsu ce, da ita za su tafi, don haka a cire kuɗin cikin ladan aiki ko ku raba. In kuma rassan sun kusa wayar wuta, kar kowa ya hau sai an je ofishin 'yan wuta sun ɗauke layin, jiƙaƙƙiyar igiya da ɗanyen reshe duk wuta na bin su.